Jiƙon Mai Babur

Adaidaita sahun ya faɗa wani rami kafin su hau kwalta, kan Aina'u ya bugi kafaɗar uwarta Kulu. Kulu ta gyara riƙon jaririn da ke kan cinyarta, ta sa ɗaya hannun ta laluba jakar ledar da ke tsakanin ƙafafunta. Kwalbar na nan, ba ta fashe ba. Sai a lokacin ta juya ta dubi 'yarta, kuma nan take ta yi da-na-sanin duban, don hantsi ya haske fuskar sarai. Farin idon Aina'u ya koma ruwan ɗorawa. Kulu ta san wannan launi, ta taɓa ganinsa a wata fuskar, kuma tun daga ranar bai bar ta ta sake ba.

Basiru, mijin Aina'u, yana gaba ya raɓa kusa da direba, ya ba su baya yadda ya kamaci suruki. Tun da suka baro ƙauye bai yi wa Kulu magana kai tsaye ba. In yana son jin yadda jiki yake sai ya tambayi gilashin gaba, ita kuma ta amsa wa gonakin dawar da ke wucewa. Shi ne ya dage sai an je asibiti, da ya ga ƙafafun matarsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da don ta Kulu ne da ana gida, domin a ganinta maganin ciwon yana cikin jakar nan, sai dai a ƙara yawan wanda ake sha.

Duk wanda ya san Kulu a ƙauyensu na arewacin Dawakin Tofa ya san ba ta da wasa a kan abu biyu. Na farko, gahawa ba ta shiga gidanta. Na biyu, mai jego ba ta kwana ba ta sha jiƙon mai babur ba. Mata kan tsokane ta da cewa mai maganin nan ya kamata ya riƙa ba ta la'ada, ita kuwa sai ta taɓe baki ta ce su dai yi ta dariya, wanda ya binne nasa shi ya san abin da ya gani.

Wadda Kulu ta binne ita ce Lauratu, 'yarta ta fari. A gidansu Kulu kara ga ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye yarinyar kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta, kuma daga ranar suna har ranar da aka kai ta makwanci, bakin Kulu bai taɓa furta sunanta ba. In ta kama dole sai ta ce "waccan", ko "ta Bacirawa" bayan an yi mata aure can. Lauratu ma Yaya take ce mata, yadda ta ji ƙannen Kulu suna faɗa. Ba ta taɓa yi mata kitso ba, ba ta taɓa cin abinci kwano ɗaya da ita ba, in yarinyar ta shigo ɗaki sai Kulu ta tuna da wani aiki a tsakar gida. Mutane suna yaba mata, suna cewa ga mace mai alkunya. Ba wanda ya san cewa duk cikin 'ya'yanta babu wadda take so kamar wannan da ba ta iya kallo.

Mijin Lauratu mai shayi ne a bakin titin Bacirawa, a nan ta koyi shan baƙar gahawa ba madara, har ta koya wa ƙanwarta Aina'u lokacin da take zuwa mata hutu. Bayan haihuwarta ta farko Lauratu ta fara kukan kasala da ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama. Labari ya iso ƙauye a daidai lokacin da wani mai magani ya fara zuwa ranar kasuwa a kan babur, da lasifika da jarkoki biyu ɗaure a baya, yana shelar jiƙon da ke wanke hanta tas, ya kori shawara, ya mayar wa mai jego da ƙarfinta. Kulu ta ɗanɗana, ta ji ya ƙona mata maƙogwaro har cikin ƙirji, mai babur ya ce ai zafin nan shi ne aikin. Ranar ta ji wani irin sanyi a ranta, domin ta samu abin da uwa za ta iya yi wa 'yar fari ba tare da ta karya kara ba. Duk ranar kasuwa sai ta cika kwalba, ta ba direban motar Kano, ta ce a kai wa ta Bacirawa.

Haka aka yi ta yi, shekara ta zagayo, wata ta bi ta, Lauratu ta sake haihuwa, ciwo kuwa sai gaba. Zuwan Kulu na ƙarshe ta tarar cikin ya tashi kamar na mai shirin haihuwa, alhali babu komai a ciki sai ruwa. Ba ta shiga ɗakin ba. Ta tsaya a bakin labule tana gaisawa da uwar mijin, ta saci kallo sau ɗaya, ta ga idanun. A nan aka gaya mata marar lafiyar ba ta marmarin komai sai gahawa, Kulu ta ce ko kusa, wannan baƙin abu shi ya ƙona mata hanta, kada a sake ba ta. Ta ajiye kwalba a bakin ƙofa ta juya. Muryar ta biyo ta daga cikin ɗaki, siririya.

"Yaya, na gode da magani. Kullum ina sha."

Kulu ba ta amsa ba, don ba a amsawa. Bayan 'yan kwanaki aka aiko da rasuwa, ta zauna cikin masu karɓar gaisuwa idonta a bushe, aka sake yaba mata. Amma maganar nan ta bi ta gida ta tare. Tana jin ta a bakin rijiya, tana jin ta in tana sussuka, wani lokaci har sai ta waiwaya wajen zaure. Abin da ta yanke a ranta shi ne maganin bai samu dama ba, gahawa ta riga shi. Saboda haka da Aina'u ta yi aure ta samu cikin fari, Kulu ba ta jira ciwo ba. Ta raba ta da gahawa, ta ɗora ta a kan jiƙo safe da yamma, kuma bayan haihuwa ma ba a daina ba. Yanzu ga na biyu a hannu. Har ta kai in gari ya waye hannun Aina'u rawa yake sai ta kurɓa, Kulu kuwa ta ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa jiki ya karɓi magani.

Asibitin yana can wajen Rijiyar Zaki, cike da mutane kamar ranar kasuwa. Aka yanki kati, aka ɗebi jini, aka shafa wa Aina'u wani abu mai santsi a ciki aka ɗauki hoto. Kulu ta zauna a benci tana jijjiga jariri, tana kallon masu wucewa cikin fararen kaya da idon wadda aka kawo ba da son ranta ba. Sai bayan azahar aka kira su. Likitar mace ce, Dakta Asama'u aka rubuta a ƙofarta, kuma a idon Kulu ba ta wuce sa'ar Aina'u ba. Ta gaishe su da ladabi, ta duba idon marar lafiya, ta danna cikinta, ta sa ta miƙe hannuwa ta ga yadda suke rawa. Ta daɗe tana kallon hannuwan nan, sannan ta ce za ta yi wata tambaya, kada su ji haushi, kowa ana yi masa.

"Tana shan giya?"

Basiru ya yi salati ya sunkuyar da kai. Kulu kuwa ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ce wa likitar, yarinya, ki dube mu da kyau, gidan da muka fito ko sunan abin nan ba a ambata, kakan wannan da kike gani limami ne har ya bar duniya. In don a ci musu mutunci aka kira su, to a ba su katinsu su koma. Dakta Asama'u ba ta ja da ita ba, ta ba da haƙuri har sau biyu, ta bari fushin ya ɗan kwanta, sannan ta tambaya ko akwai wani abu da Aina'u ke sha a kai a kai.

Nan Kulu ta samu filin da take so. Ta ba da labarin gahawa da ɓarnarta, da yadda ta tsaya tsayin daka ta raba 'yarta da ita. Likitar ta girgiza kai a hankali ta ce gahawa ba ta cin hanta, kofi ɗaya ko biyu ba komai ba ne, masu bincike ma suna ganin tana ɗan rage wa hanta wahala. Abin da kawai ake gaya wa mai ciki da mai shayarwa shi ne kada su yawaita. Kulu ta yi murmushin da ake yi wa yaro in ya yi wauta, ta jawo jakar leda ta fito da kwalbar, ta dire ta a kan tebur, ta ce ga abin da ya riƙe Aina'u har ta kawo yau.

Tsohuwar kwalbar lemo ce, ruwan cikinta ja-ja, da guntayen sassaƙe da saiwoyi kwance a ƙasa. Likitar ta buɗe ta kai hanci, ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta leƙa waje ta sa aka karɓo mata ashana, ta ɗauko ƙaramin farantin ƙarfe, ta tsiyaya kaɗan, ta kai bakin taga, ta ce Mama ta matso. Ta ƙyasta ashana ta kai. Da farko Kulu ba ta ga komai ba saboda hasken rana, sai da likitar ta kare da tafin hannu. Wata wuta shuɗiya ce ke rawa a kan maganin, ba hayaƙi, ba ƙara.

"Mama, ruwan saiwa ba ya kamawa da wuta. A cikin giya aka jiƙa itatuwan nan, kuma mai ƙarfi ce."

Kulu ta tsaya tana kallon wutar har ta cinye kanta ta mutu. Warin da ya tashi ya cika mata hanci, ta gane shi. Shi ne warin da ta ji a bakin labulen Bacirawa, wanda ta ɗauka warin magani ne kawai. Ita da aka haifa aka aurar a ƙauyen da ba a taɓa ganin mashayi ba, ina za ta san warin giya? Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko a ranar rasuwar, ta nemi kujera da hannu kamar makauniya.

Likitar ta zauna ta yi musu bayani a natse. Ta ce jinin Aina'u ya nuna akwai ƙwayar cutar hanta, irin wadda kan kwanta a jiki shekara da shekaru, sau da yawa tun daga haihuwa, mutum bai sani ba. Mai irin wannan hantar ko kurɓi ɗaya na giya bai kamace shi ba, balle safe da yamma. Ta ce hantar ta ji jiki amma da sauranta, in aka daina yanzu akwai fata. Za a kwantar da Aina'u, domin jikin da ya saba ba a yanke masa a gida, sai ana lura da shi. Za a duba jaririn da yayansa a yi musu rigakafi, ita Mama ma a gwada ta, da Basiru. Ta ƙara da cewa babu mai laifi a ciki, ba wanda ya sani. Sannan ta tambaya ko a dangi an taɓa rasa wani da irin wannan ciwo.

Kulu ta buɗe baki, amma ta kauce wa sunan. "Akwai wata," in ji ta.

Aina'u ce ta ƙarasa daga kan gadon gwaji, ta ce yayarta ce, kuma ita ma wannan maganin take sha. Ta faɗe shi ba da zargi ba, ko kallon uwarta ba ta yi ba, kuma wannan rashin kallon ya fi yi wa Kulu ciwo.

Aka ba Aina'u gado, aka kwantar da jaririn kusa da ita. Jinya tana son tabarma da bokiti da kwanuka, ga yaron da aka bari a gida, don haka aka shirya Kulu ta koma ta kwaso kaya, Basiru ya zauna. Ya rako ta bakin titi, yana tafe a bayanta da ɗan nisa. Da ya tsayar mata da mota sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya auri 'yarta, ya durƙusa a gefenta ya yi mata magana kai tsaye, idonsa a ƙasa.

"Inna, don Allah maganar nan ta tsaya a nan. In an tambaya a ce shawara ce. Yaran nan za su girma a garin."

Kulu ta ce ta ji, kuma har ga Allah ta yarda da shi. Ta san mutanenta. Ba za su ce an yaudari Kulu ba, cewa za su yi jikar liman ta kwanta asibiti saboda giya, kuma maganar za ta daɗe fiye da duk wanda ke raye yanzu. A mota ta ƙudura cewa za ta tuttular da kwalbar a masai, ta ja bakinta ta rufe. Rufe baki dai ba baƙon abu ba ne a wajenta, a kansa ta ƙare rayuwarta. Gonaki suna wucewa, gero ya sunkuyar da kai yana jiran girbi, mata na tsinkar wake a kunyoyi, ita kuwa ba abin da take ji sai muryar nan, wadda yau ta matso kusa kamar mai zama a kujerar baya. Kullum ina sha. Ta tuna gahawar da aka hana mai mutuwa da umarninta, kofi ɗaya tak da ba zai yi mata komai ba, sai ta ja mayafi ta rufe fuska don kada fasinjoji su gani.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta shiga gida. Ta naɗe tabarma, ta haɗa kwanuka, ta hura wuta don ta dama kunun da za ta tafi da shi. Tana cikin haka ta ji sallamar Kaltume, maƙwabciyarta tun suna amare, wadda 'yarta Ramlat ta haihu a makon nan kuma tana wankan jego a gida. Kaltume ta zauna a kan turmi ta tambayi mai jiki, Kulu ta ce da sauƙi, shawara ce, an ba su gado. Kalmar ta fita sumul yadda Basiru ya so. Kaltume ta yi addu'a, ta ce ai asibiti sai dai su yi nasu, amma magani na wajen Kulu. Daga nan ta zaro wata 'yar kwalba daga cikin zane, tana dariya, ta ce nasu ya ƙare, mai babur kuma sai ranar kasuwa, a sam mata kaɗan kada mai jegon ta kwana ba ta sha ba, ta san halin Kulu, in ta ji an yi fashin sha sai ta tara musu jama'a.

Kulu ta dubi 'yar kwalbar. Abu mai sauƙi ne ta ce nata ma ya ƙare. Kaltume za ta tafi, asiri ya rufu, ranar kasuwa kuma mai babur zai zo da lasifikarsa, Kaltume ta cika kwalba da kuɗinta. Ba ita kaɗai ba. Kulu ta shiga lissafa gidajen unguwar a zuci, ta ga babu gidan da ke da mai goyo wanda maganin nan bai shiga ba, kuma duk da bakinta ya shiga. Ramlat kuwa 'yar fari ce. Kulu ta sha ganin yadda Kaltume ke ajiye mata kwalbar a bakin ƙofa ta juya ba tare da ta shiga ba.

Ta tashi ta ɗauko jakar leda. Ta kife murfin tukunya a ƙasa cikin inuwar rumbu, ta tsiyaya maganin a kai, ta zaro karan da ke ci daga murhu ta kai. Shuɗiyar wutar ta tashi, a inuwa ta fi fitowa fiye da yadda ta fito a asibiti. Kaltume ta ja ƙafafunta baya, ta tambaya wane irin abu ne wannan.

"Giya ce," in ji Kulu. "Ita ta kwantar da Aina'u. Ita na riƙa aika wa Lauratu."

Kaltume ba ta ƙara duban wutar ba, sai ta zuba wa Kulu ido. Tun suna amare suke tare, ta ga haihuwar yarinyar, ta ga aurenta, ta zauna zaman makokinta, ba ta taɓa jin sunan nan daga wannan bakin ba. Ita kanta Kulu ta ji shi baƙo a harshenta, mai nauyi, amma ya fita daidai, kamar ta daɗe tana kiransa. Ta kasa kunne ko muryar za ta sake cewa wani abu. Babu abin da ta ji sai kukan awaki da ake korowa gida.

Wutar ta lashe murfin ta mutu. Kulu ta sa bakin zane ta share fuskarta, ba ta ɓoye ba. Ta ɗaga kwalbar ta duba, da sauran kusan rabi, zai isa a nuna wa mutane da yawa.

"Tashi ki kira mini matan unguwa, Kaltume," ta ce. "Ki fara da gidan da ke da mai jego."